Ragayar Ɓerayen Hadiyya

Danau Kota, Kuala Lumpur
Ranar Litinin

Zuwa ga jikata Hadiyya,

Assalamu alaikum. Ni ce kakarki Zubaidatu nake magana, Halimatu maƙwabciyarku ke rubutawa a waya. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kar ta gyara min baki. Babanki ya ce in murya na aiko ba kya kama Hausata, wai sauri nake, amma in a rubuce ne kina bi a hankali yana taya ki. To ga shi.

Ina fatan kun sauka Kano lafiya, kun isa ƙauye lafiya. Ki yi wa mamanki Walida gaisuwa, Allah ya jiƙan mahaifinta, ya sa ya huta, ya ba ta haƙuri. Ba don gwiwar nan da aka yi wa aiki ba, likita ya hana ni hawa jirgi, da da ni za a yi zaman makokin. Gwiwar da sauƙi, ina dogara sanda har kicin. Halimatu na kawo min tuwo, ita ke taya ni kwana, Allah ya saka mata.

To sai maganar amanar da kika bar min, ɓerayen nan naki. Suna nan da ransu su biyun. Hadiyya, ba zan ɓoye miki ba, tsoronsu nake ji. Jelar nan tasu ko kallonta na yi sai tsigar jikina ta tashi. Abincinsu a ludayin miya nake zubawa, in tsaya daga nesa in zura ta ƙofar kejin ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Farar, wadda kike ce wa Susu, sai ta kama bakin ludayin da hannu bibbiyu tana kallona kamar mutum. Baƙar kuwa, Kopi, ba ta da kunya, so take ta biyo ludayin ta hau hannuna. Jiya na sake shi na yi baya, sanda ta kusa kayar da ni.

Abin da nake son tambaya shi ne tsumman nan da kika rataya musu a cikin kejin, wanda suke hawa su kwanta. Ni dai ragaya nake ce masa. A gidanmu ragaya ta igiya ce, a rataye ta a sama a ɗora ƙwaryar nono don kar ɓera ya kai gare ta. Nan kuma na zo na tarar ɓeran ne a cikin ragayar ya yi ɗaiɗai. To sun huda ta. Sun cinye tsakiyarta har Susu na leƙo da kai ta ƙasa. Ga zarni har falo. Maikano mijin Halimatu ya shigo gaishe ni na ga yana ɗan murza hanci, kunya ta kama ni. Yaya ake yi? Wankewa ake ko yarwa? Ina tsoron ta tsinke da su su faɗo su karye, ki dawo ki ce ban kula ba.

Ranar da za ku tafi kin riƙe hannuna kin ce, "Kaka, boleh?" Sai da mamanki ta gaya min wai tambayata kike ko zan iya. Na ce zan iya. Tunda na zo garin nan ba ki taɓa roƙona komai ba sai wannan. Ki ba ni amsa da wuri.

Kakarki

*

Danau Kota
Ranar Juma'a

Hadiyya,

Barkanku da Juma'a. Ina fatan kuna lafiya, ya ƙarin haƙurin mamanki. Ni lafiya lau, kumburin ya saɓe. Shiru ban ji daga gare ki ba. Halimatu ta ce saƙon ma bai nuna ya shiga ba, wai babu sabis a ƙauyen. To na ga zaman jira ba zai yi ba, na yi abin da na sani, kuma za ki ji daɗi.

Halimatu ta sa safar hannu ta ciro tsohuwar ragayar, mun zuba ta a shara. Ta wanke kejin tas da ruwan goge ƙasa mai ƙamshin lemo. Ni kuma na buɗe ƙasan akwatina na ɗauko majanyin saƙi da na goya babanki da shi. Ban taɓa nuna wa kowa ba, duk inda na je yana tare da ni. Saƙin hannu ne na da, mai kauri, da gezarsa. Na raba shi biyu na ɗinke kusurwoyin, na ɗaure da zare mai ƙarfi. Na ce abin da ya riƙe babanki, da ƙibarsa da rigimarsa, ai ba ɓera biyu za su tsinka shi ba.

Zarnin kuma na yi maganinsa. Akwai turaren wutar da wata 'yar Barno ta haɗa min, wanda nake ta ɓoyo sai salla. Na kifa kwando a kan kasko na shimfiɗa majanyin ya sha hayaƙi har ya ƙoshi, kamar kayan amarya. Sannan na ajiye kaskon a gindin kejin na sa aka rufe taga don ya kama ɗakin. Safe da yamma nake yi musu. Yanzu duk wanda ya shigo sai ya ce kai, Inna, wannan ƙamshi fa?

Da farko sun ƙi hawa, sun maƙale a lungu. Yau dai na ga Susu a kai. Tana ta atishawa, na ce sannu baƙuwar ƙamshi, za ki saba.

Kakarki

*

Rano
Asabar

Kaka ina wuni.

Mun shigo Rano da Abba, saƙonki biyu suka shigo tare. Abba yana cikin kasuwa, ni kaɗai nake rubutawa. Kaka me ya sa? Hayaƙi yana kashe su. Ƙirjinsu ƙarami ne. Ki buɗe taga yanzu yanzu. Ki cire majanyin, zare zai kama musu ƙafa. Ramin ba komai ba ne, su suka yi shi, ƙofarsu ce. Ragayar ita kaɗai ta rage kuma kin yar. Da na sani da na kai su gidan ƙawata. Kin ce boleh. In Susu ta mutu ba zan

*

Danau Kota
Ranar Lahadi

Zuwa ga Abban Hadiyya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya da iyalinka. Maikano ke rubutawa, Halimatu ta tafi kai wa ɗalibai abinci. Wannan takardar taka ce kai kaɗai, kar yarinyar nan ta gani.

Na yi ɓarna. Jiya da Halimatu ta karanta min saƙonta, nan take aka buɗe taga aka fitar da kasko. Amma majanyin na hana a cire, don babu abin da za a sa a madadinsa, kuma a raina na ce maganar zare yarinta ce.

Yau da hantsi ina zaune ni kaɗai sai na ji ƙara, irin wadda ban taɓa ji ba, siririya kamar ta jinjiri. Na dogara na je. Sun ci gefen majanyin zare ya warware, ya naɗe wa farar ƙafar baya, tana reto kai a ƙasa tana fizga, duk fizgar da ta yi ƙara shaƙewa yake. Na ƙwala wa Halimatu kira, babu kowa. Na je ƙofa na dawo. Na ɗauko ludayi na ga ba aikin ludayi ba ne. To na yi bisimilla na rufe ido na zura hannu. Na tallabe ta a tafina, na sa almakashi na datse zaren. Ba ta cije ni ba. Zuciyarta ce kawai ke bugawa a hannuna, fat-fat-fat, tawa ma haka, na rasa wa ya fi wani tsoro.

Yanzu yatsa ɗaya ya kumbura ya yi baƙi. Hancinta da gefen idonta sun yi ja kamar jini. In tana numfashi ana jin wani gurgur a ƙirjinta. Ta ƙi cin komai. Baƙar ta kwanta a jikinta tana lasarta.

Wannan mara kunyar da ke rubutu cewa ya yi wai in ta mutu a sayo wata farar a saka, yarinya ba za ta gane ba. Na ce Allah ya kiyaye, in ci amana sannan in ɗora ƙarya a kai?

(Malam Zahraddeen, Maikano ne. Wallahi wasa nake yi wa Inna don ta daina kuka. Amma dai akwai su a kedai, wato kanti, ba tsada.)

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarshen maganarta. Ta ce in Susu ta mutu ba za ta, sai ta yi shiru. Na sa Halimatu ta duba ta sake dubawa, ta ce iyakar abin da ya zo ke nan. Ba za ta me ba? Ba za ta yafe min ba? Ba za ta ƙara kallona ba? Da ma can gaisuwa ce kawai ke haɗa mu, in yi mata Hausa ta amsa da Turanci. Na ɗauka wannan ne zai sa ta san tana da kaka. In haka ne, ka nema min tikiti in gwiwar ta warke in koma gida, ba zan iya zama tana wuce ni a falo kamar kujera ba.

Mahaifiyarka

*

Rano
Ranar Laraba

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, ya jiki, ya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi. Walida na gaishe ki, ta gode da ta'aziyya. Ki gafarce ni da jinkiri, sai mun shigo gari saƙo ke fita.

Inna, ba zan yi miki ƙarya ba, ta gani. Wayata a hannunta take wuni, tana hawa katangar bayan gida tana neman sabis, ita ta fara buɗewa. Ta sa na karanta mata inda ba ta gane ba. Na tambaye ta ƙarshen maganar tata, ta ce tsakaninta da ke ne. Abin da na sani shi ne ranar nan mota ce ta tashi ta tura bai ƙare ba.

Ba ta cin abinci sosai. Abin ya yi mata yawa a nan. Ta yi kuka a tsakar gida, mata suka ɗauka kakanta take wa, aka taru ana rarrashi, da aka ji ɓera ne sai wuri ya ɗauki dariya. Yara na bin ta suna kiranta uwar ɓeraye. Walida ta ji kunya ta yi mata faɗa. Tun daga nan ta daina magana da kowa.

Na yi magana da Maikano, zai kai ku wurin likitan dabbobi gobe. Don Allah ki rubuta mata da kanki, duk abin da likita ya ce ki gaya mata yadda yake. Maganar tikiti kuma ki bar ta, Inna, ba na son jin ta.

Ban san majanyin nan yana nan ba.

Ɗanki,
Zahraddeen

*

Danau Kota
Ranar Talata

Hadiyya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, kuma an ce min ba kya cin abinci, to ki ci. Halimatu ce ke rubutawa. Na jinkirta ne don ba na son in ce miki ta warke sai na gani da idona, ba na kuma son in ce miki wani abu daban.

Tana da rai. Amma ba yadda kika bar ta za ki same ta ba. Likita ta cire yatsan, ta ce ya riga ya mutu. Ƙafar hagu ta baya, na gefe. Numfashin ya yi sauƙi da magani, sai dai ta ce mai yiwuwa gurgur ɗin ya riƙa dawowa lokaci-lokaci har ƙarshen rayuwarta. Ni na jawo mata, da hayaƙina da taurin kaina. Kin gaya min zare zai kama ƙafa ban ji ba. Ki yi haƙuri.

Bari in ba ki labarin yadda aka yi. Maikano ya kira mota, na sa ta a kwali na ɗora a cinyata na rufa da hijabi saboda sanyin motar. Likitar wata Ba'indiya ce mai furfura. Maikano na yi mana tafinta. Na nuna mata jan da ke hancin na ce jini ne, ta ce a'a, wani ruwa ne da ke fito musu in suna cikin wahala ko ciwo. Ta tambayi me ake sawa a ɗakin. Na ce Maikano ya gaya mata gaskiya. Ta shinshini hijabina ta ce ƙamshin da daɗi, amma a gare su kamar a kulle mutum ne a ɗakin da ake ƙona taya. Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi da na fi jin sauƙi.

Maganin ruwa ne, aka ce a ɗiga mata a baki. Ta ƙi, tana kau da kai. Sai na tuna yadda ake yi wa yara, na dama ayaba na ɗiga a ciki na lakato a yatsana. Ta lashe tas. E, a yatsana. Halimatu na nan, ki tambaye ta.

(Halimatu ce. Gaskiya ne. Ranar farko sai da Inna ta wanke hannun har sabulu ya kusa ƙarewa.)

Likitar ta nuna min irin yadin da ake yin ragayarsu da shi, mai laushi kamar bargon jarirai. Na ce a kai ni inda ake sayarwa, ni zan zaɓa. Halimatu ta ce Inna ƙafarki, na ce ƙafata ce. Muka je kasuwar Masjid India. Kai, jama'a! Yadi kamar Kantin Kwari. Mai shagon farko ya jibgo min tawul, na ce a'a, wannan madaukan nasa farce za su kama. Ya kawo wani mai sheƙi, na ja bakinsa zare ya biyo hannuna, na mayar masa. Ya tambayi Halimatu jinjirin wata nawa ne, ita kuma don kunya ta ce sabuwar haihuwa ce. Na ce ke, gaya masa na ɓera ne. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira na shagon kusa ya zo ya ga tsohuwa. Amma shi ne ya shiga ciki ya lalubo min na gaskiyar. Na sa ya yanka bakinsa da almakashi, na ja, na murza, na sa farce na kankara, ko zare ɗaya bai fito ba. Na ce shi ke nan. Ya ce, "Boleh lah, Nenek," wai Nenek kaka ke nan a bakinsu.

Na ɗinka guda uku. Ninki biyu na yi, ɗinkin na juya shi ciki yadda haƙori ba zai same shi da wuri ba, na bar baki ɗaya a buɗe kamar aljihu don su shige, tunda na lura sun fi son duhu. Ban sa igiya ba ko ɗaya, ƙugiyoyin ƙarfe Maikano ya samo. Ta Susu na rataye ta ƙasa-ƙasa, ko ta zame ba za ta ji ciwo ba, ɗayar a sama don Kopi mai rawar kai. Ta ukun tana jiran canji. Wanki kuwa da ruwan zafi da sabulu mara ƙamshi, in ɗauraye sosai, sai ta bushe ƙarau. Likita ta ce kar a wanke duka rana ɗaya, a bar musu ɗaya mai warinsu, in ba haka ba hankalinsu tashi yake su ƙara yin fitsari ko'ina don su maido da shi. Ashe zarnin da nake yaƙi da shi, shi ne gida a wurinsu. Kullum da safe ina shafa ragayar da hannu in ji ko akwai abin da zai kama yatsa. Kopi har ta huda tata. Na bar mata ƙofarta.

Iyakar abin da na iya ke nan. Yatsa dai ba zan iya maido shi ba.

Yanzu ki ƙarasa min maganarki. In Susu ta mutu ba za ki me ba? Ko mene ne ki faɗa, na fi son in ji da in yi ta ƙarasa wa kaina.

Kakarki

*

Rano
Alhamis

Kaka ina kwana. Ya ƙafa?

Goggo Hannatu ƙanwar Mama tana taya ni rubutu. Abin da zan ce shi ne, in Susu ta mutu ba zan gan ta ba, ina nesa. Shi ke nan. Amma na yi fushi da ke sosai, wannan gaskiya ne. Da na ji yatsa na sake yin kuka. Yanzu na daina fushi. Ni ma ban gaya miki maganar hayaƙi ba kafin mu tafi, ban san yadda ake faɗa da Hausa ba, kuma na ji kunya in tambayi Mama.

Kaka, Susu ba ta cin abu a hannun kowa sai ni. Ko Abba ba ta yarda. Ki ajiye min sauran yadin, ke za ki koya min mai aljihu. Abba ya ce kina son komawa gida. Ban yarda ba.

Na gaya wa kowa a gidan nan kakata ta kama ɓera da hannu ta kai shi asibiti a mota. Sun ce ƙarya ne, Hajiya Zubaidatu da suka sani ko kyankyaso ta gani sai ta hau gado. Sai na nuna musu hoton da Kawu Maikano ya turo, kina ba ta ayaba. Goggo Hannatu ta tura wa mutanen gidanku. Yanzu ba ni ce uwar ɓeraye ba, an ce gado na yi.

Na ci tuwo jiya, malmala biyu.

Hadiyya

*

Danau Kota
Ranar Asabar

Ke ja'ira,

Lafiya lau, ƙafa da sauƙi. Halimatu, rubuta da manyan baƙi ta san da gaske nake.

Hoto? Wane hoto? Yaushe aka ɗauke ni? Shi ya sa tun jiya wayar Halimatu ba ta huta ba, ƙannena da 'ya'yansu kowa na son ya yi min barka, har da mai tambayar yaushe ne suna. Ni da ake kira rabon faɗa a unguwa, da wane ido zan shiga gidan biki? Kin gama da ni, 'yar nema. To ki sani tunda kin tona min asiri a Kano, babu inda za ni, a nan zan zauna in ishe ki. Yadin na nan, allura na nan, kuma duk ɗinkin da ya karkace sai kin farke shi.

Shi kuma Maikano ga shi can a bakin ƙofa yana dariya, wai ya kawo min tapau, ƙunshin abincin saye, na ban haƙuri. Da na tashi na bi shi da sanda, to Susu ta yi barci a cinyata, ba na son in tashe ta.

Kakarki